Daga Ƙasar Kawana zuwa Sandar Awo: Aikin Satoshi Omura da Rabonsa a Kudancin Jigawa

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun Farfesa Satoshi Omura, masanin sinadaran halittu ɗan ƙasar Japan, daga ƙuruciyarsa a gidan manoma har zuwa gano ƙwayar halittar da aka samo maganin aibarmektin daga gare ta. Ta yi bayanin dabarar bincikensa, da yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin Merck, da yadda maganin dabba ya koma maganin makantar kogi da tundurmi. Daga nan ta juyo gida, ta dubi yadda maganin ke shiga hannun mutane da jikin dabbobi a yankin Birnin Kudu da Gwaram. Ra'ayin maƙalar shi ne, abin da ya ɗauki wannan magani tun daga tushe har zuwa bakin mara lafiya aikin haƙuri ne na hannu, irin wanda ba ya buƙatar dukiya mai yawa, kuma irinsa ne ya fi ƙaranci a cibiyoyin bincikenmu.

Gabatarwa



Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Kudu ya san ƙamshin da ƙasa ke yi in ruwan fari ya sauka bayan zafin bazara. Ƙamshin nan ba na ruwa ba ne, ba kuma na turɓaya ba. Wani sinadari ne mai suna jiyosmin, kuma galibinsa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa suke fitar da shi, waɗanda masana ke kira Streptomyces. Dangin nan nasu su ne suka fi kowace halitta ba duniya magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Daga cikinsu aka samo istireftomaisin a 1943 a ɗakin gwaje-gwajen Selman Waksman a Amurka, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Daga cikinsu kuma aka samo maganin da za mu tattauna a kansa yau, wanda ake rabawa gida-gida da sunan Mectizan, makiyaya kuma suke saya a kwalba su yi wa shanu da awaki allura.

Da yawa daga cikin waɗanda suka haɗiyi wannan ƙwaya a ƙauyukanmu ba su taɓa jin sunan Omura ba, kuma babu laifi a kan haka. Amma mu da muke koyarwa ko muke aiki a asibiti, ya kamata mu san ta inda abin ya biyo.

Ɗan manoma, malamin makarantar dare

An haifi Satoshi Omura ranar 12 ga Yuli, 1935, a Nirasaki cikin lardin Yamanashi, yanki mai tsaunuka a yammacin Tokiyo. Gidansu gidan noma ne. A ƙuruciya an fi saninsa da wasan gudun zamiya a kan ƙanƙara fiye da karatu. Ya gama Jami'ar Yamanashi a 1958, ya tafi Tokiyo ya kama aikin koyar da kimiyya a ajin dare na wata makarantar fasaha ta gwamnati mai suna Sumida.

Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya juya shi a wannan makaranta. Ɗalibansa leburorin masana'antu ne, da rana suna aiki, da dare su zo aji. Ya ga wani yana rubuta jarrabawa da sauran baƙin mai a hannunsa, sai kunya ta kama shi, ya ga shi da ya sami damar karatu cikin sauƙi bai yi abin kirki da ita ba. Sai ya koma makaranta: da rana yana karatun digiri na biyu a Jami'ar Kimiyya ta Tokiyo, da dare yana koyarwa. Ya kammala a 1963, ya koma Jami'ar Yamanashi ya yi shekara biyu a sashen da ke nazarin tsimin inabi. A nan ne ya fara ganin ƙarfin ƙananan halittu, yadda yis ke juya sukari cikin dare ɗaya, abin da masanin sinadarai zai sha wahala kafin ya kwaikwaya. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake ruɓa kalwa ta zama daddawa ya ga irin wannan aiki, don bakteriya ce ke yinsa.

A 1965 ya shiga Cibiyar Kitasato, wadda Kitasato Shibasaburo, likitan da ya yi suna a binciken cutar sarƙewar haƙora, ya kafa a 1914. Aikinsa na farko shi ne gano tsarin ginin wasu magungunan da cibiyar ta riga ta samo, irin su lukomaisin. Ya sami digirin digirgir har biyu, ɗaya a kimiyyar magunguna daga Jami'ar Tokiyo a 1968, ɗaya a kimiyyar sinadarai daga Jami'ar Kimiyya ta Tokiyo a 1970. Duk da haka ya ga cewa bayyana tsarin abin da wani ya gano tamkar sussukar hatsin da wani ya noma ne. Sai ya yanke shawarar ya shiga gonar da kansa.

Dabarar ƙasa

A nan nake so in ɗan jima, domin nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne masu ba da labarin kyautar Nobel da ya samu suke tsallakewa da sauri.

Dabarar a baki mai sauƙi ce. A ɗebo ƙasa kaɗan, ko cikin cokali bai kai ba, a rubuta wuri da rana. A dama ta da ruwa mai tsabta, a yi ta sirkawa har ƙwayoyin da ke ciki su warwatsu. A shafa ɗigo a kan faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin halitta, a ajiye a ɗumi. Bayan kwanaki sai tabo-tabo su fito, kowane tabo zuriyar ƙwaya guda ce. Mai bincike ya duba launi, da siffa, da ƙamshi, ya tsinci wanda bai saba gani ba, ya dasa shi shi kaɗai. Daga nan a zuba shi cikin kwalba mai romo, a yi ta girgizawa kwana da kwanaki, sannan a gwada romon: yana kashe wata ƙwayar cuta? Yana hana wani sinadarin jiki aiki? In an ga alama, a tace, a ware sinadarin da ke da alhakin abin, a gano tsarin gininsa.

A aikace kuwa, kusan duk abin da aka tsinta ko dai bai yin komai, ko kuma wani ya riga ya gano shi shekaru da suka wuce. Dubban faranti ake zubarwa kafin a sami ɗaya. Abin da ya bambanta Omura da sauran masu wannan sana'a abu uku ne, a ganina. Yana da ido wajen zaɓen tabon da ba a saba gani ba. Yana canza abincin da ake ba ƙwayoyin, domin ƙwaya ɗaya takan fitar da sinadari a wani romo ta ƙi fitarwa a wani. Sannan bai tsaya ga tambayar da kowa ke yi ba, wato ko romon na kashe bakteriya; ya ƙirƙiro hanyoyin gwaji da ke neman wasu ayyuka dabam, har da neman sinadari saboda irin gininsa kawai, tun ba a san amfaninsa ba. An san shi da yawo da 'yar leda a cikin walat, duk inda ya ga ƙasar da ta ba shi sha'awa ya ɗiba, kuma ya sa ma'aikatansa su riƙa yin haka.

Ta wannan hanya shi da tawagarsa suka gano sababbin sinadarai sama da 400 a tsawon aikinsa. Biyu daga ciki sun cancanci ambato ko da babu aibarmektin. Istarosforin, wanda suka bayyana a 1977, daga baya aka gano yana toshe wasu sinadaran da ke ba ƙwayoyin jiki umarnin rarrabuwa, ya zama kayan aiki a binciken cutar daji a ko'ina, har aka gina magani a kan tsarinsa. Laktasistin, na 1991, shi kuma ya taimaka wajen fahimtar injin da ƙwayar jiki ke niƙe tsofaffin sinadaran furotin da shi. Lokacin da aka gano su babu wanda ya san za su yi wannan amfani. An ajiye su ne da sunansu da bayaninsu, amfanin ya zo daga baya.

Yarjejeniya

A 1971 Omura ya tafi Jami'ar Wesleyan a Amurka a matsayin farfesa baƙo. Wanda ya karɓe shi shi ne Max Tishler, tsohon shugaban sashen bincike na kamfanin Merck. Da lokacin komawa gida ya yi a 1973, Omura ya san ba zai sami kuɗin bincike a Kitasato kamar yadda ya gani a Amurka ba, sai ya nemi kamfanin da zai haɗa kai da shi. Da taimakon Tishler aka daidaita da Merck a kan dala 80,000 a shekara har shekara uku da farko.

Sharuɗɗan su ne abin lura. Kitasato za ta tono ƙwayoyin, ta yi gwajin farko, ta aika masu alamar amfani. Merck za ta gwada su a jikin dabbobi, ta nemi haƙƙin mallaka, ta sarrafa, ta sayar. In an sami riba kuwa, a biya ɓangaren Kitasato kaso. Sannan Omura ya karkata ga magungunan dabbobi, fagen da manyan kamfanoni ba su cika cunkoso a cikinsa ba a lokacin. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya san ba zai iya gogayya a tsakiyar kasuwa ba yakan kafa rumfarsa a inda babu kowa.

Daga cikin dubban ƙwayoyin da aka raina, an zaɓi kimanin 50 mafiya alama. Ɗaya daga cikinsu ta fito ne daga ƙasar da aka ɗiba kusa da filin wasan golf na Kawana, a birnin Ito na lardin Shizuoka, bakin teku. Ta isa Merck a 1974. A can akwai William Campbell, masanin tsutsotsin jiki haifaffen ƙasar Ailan, da abokan aikinsa. Suka gauraya romon ƙwayar cikin abincin ɓerayen da aka sa wa tsutsar ciki, tsutsar ta mutu. Aka sa wa ƙwayar suna Streptomyces avermitilis, daga baya aka sake mata suna avermectinius, sinadarin kuma aka kira shi abarmektin. An buga sakamakon a 1979.

Abarmektin ba sinadari guda ba ne, 'yan uwa takwas ne masu kama da juna. Masanan Merck suka ɗauki kashin da ake kira B1, suka ƙara masa ƙwayar haidirojin biyu a gurbi na 22 da na 23. Wannan ɗan gyara shi ya haifar da aibarmektin, wanda ya fi dacewa da jikin dabba. An fito da shi kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi, kuma cikin 'yan shekaru ya zama wanda aka fi saye a duniya a wannan fanni. Kason da ya shigo Kitasato shi aka yi amfani da shi aka gina babban asibiti a Kitamoto, lardin Saitama, wanda aka buɗe a 1989. Omura ya shugabanci cibiyar daga 1990 zuwa 2008.

Daga doki zuwa mutum

Makantar kogi tsutsa ce ke kawo ta, Onchocerca volvulus, baƙin ƙudan bakin rafi kuma shi ke ɗaukar ta daga wannan ya kai wa wancan. Uwar tsutsar takan naɗe cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, ta yi shekara goma zuwa goma sha biyar tana haihuwa. 'Ya'yan, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke yawo cikin fata da ido. Mutuwarsu a can ita ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, fata ta yi kaushi ko ta yi dabbare-dabbare a ƙwauri, ido kuma ya yi ta dushewa har ya rufe. Ƙiyasin 2017 ya nuna mutum miliyan 20.9 na ɗauke da cutar, miliyan 14.6 na fama da fata, miliyan 1.15 kuma ganinsu ya taɓu. Fiye da kashi 99 cikin ɗari a Afirka suke, Nijeriya kuma ta fi kowace ƙasa yawansu.

Arewacin Nijeriya ya daɗe a cikin tarihin binciken wannan cuta. A shekarun 1950 likitan ido F. H. Budden ya zagaya lardunan Arewa yana duba idanu, R. W. Crosskey kuma yana bin koguna yana nazarin ƙudan. An rubuta yadda mutane suka tashi daga ƙasa mai albarka a kwarin Hawal saboda makanta. Magungunan da ake da su a lokacin biyu ne, kuma kowanne da masifarsa: ɗaya yana kashe 'ya'yan tsutsar farat ɗaya har jiki ya rikice, ido ma ya ƙara lalacewa, ɗayan kuma allura ce mai dafi da kan iya kashe mara lafiyar. Shi ya sa babban shirin yaƙi da cutar na Afirka ta Yamma, wanda aka fara a 1974, ya dogara da feshin koguna ta jirgin sama. Nijar na cikin ƙasashe bakwai da aka fara da su. Nijeriya ba ta ciki.

Campbell ya lura cewa aibarmektin na kashe 'ya'yan wata tsutsa a jikin doki wadda 'yar uwa ce ga ta mutum. Ya ba da shawarar a gwada. Likitan Merck Mohammed Aziz, haifaffen ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, wanda ya taɓa aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Afirka, shi ya jagoranci gwajin farko a Dakar a 1981, a kan mutum 32. Shan magani sau ɗaya ya rage 'ya'yan tsutsar ƙwarai, ba tare da rikicin tsohon maganin ba. Faransa ta yi masa rajista a 1987 da sunan Mectizan. Sai dai masu bukatarsa ba su da kuɗin saye, kuma babu gwamnatin da ta ɗauki nauyin saya musu. Ranar 21 ga Oktoba, 1987, shugaban Merck Roy Vagelos ya sanar cewa za a ba da shi kyauta, iya yawan da ake bukata, har tsawon lokacin da ake bukata. A 1998 aka faɗaɗa kyautar ta haɗa da cutar da ke kawo tundurmi da gwaiwa, inda ake haɗa shi da albendazol.

Akwai sunan da ba na son a manta a nan. Farfesa Adenike Abiose, likitar ido a Kaduna, ita da abokan aikinta suka gudanar da babban gwaji a ƙauyukan Jihar Kaduna, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1993, inda suka nuna shan maganin shekara-shekara na rage lalacewar jijiyar ido. Daga baya wata 'yar Nijeriya, Uche Amazigo, ta shugabanci shirin yaƙi da makantar kogi na Afirka, APOC, mai hedikwata a Wagadugu daga 2005 zuwa 2011. Kyautar Nobel ta 2015 an raba ta ne rabi ga Omura da Campbell, rabi ga Tu Youyou ta ƙasar Sin saboda maganin zazzaɓin cizon sauro. Dokar kyautar ba ta wuce mutum uku, don haka Aziz, wanda ma ya riga ya rasu tun 1987, da Abiose da ire-irensu sai dai a ambace su a irin wannan zama.

Dalilin sandar awo

Maganin na aiki ne ta hanyar manne wa wasu ƙofofi a jijiyoyi da tsokar tsutsa, ya buɗe su ya hana su rufuwa, sinadarin kulorayid ya yi ta kwarara ciki, tsutsar ta shanye. Irin waɗannan ƙofofi babu su a jikin mutum ko saniya. 'Yan uwansu da muke da su suna cikin ƙwaƙwalwa da laka, kuma akwai wani famfo a bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da ke tura maganin waje. Wannan ne sirrin rashin illarsa in an sha daidai.

Amma ba ya kashe uwar tsutsa. 'Ya'yan yake kashewa, ya kuma dakatar da haihuwar na wasu watanni. Tunda uwar na iya kai wa shekara goma sha biyar, dole a yi ta sha kowace shekara har ta mutu don tsufa, kuma dole galibin mutanen gari su sha, don kada ƙuda ya sami jikin da zai ɗebo 'ya'ya. Ma'aikatan asibiti ba za su iya zagaye dubban ƙauyuka shekara goma sha biyar ba. Saboda haka APOC, wanda ya yi aiki daga 1995 zuwa 2015, ya miƙa rabon ga al'umma: gari ya zaɓi nasa mai rabo, ya tsayar da lokaci, a ba shi littafin rajista da sanda.

Ma'aunin maganin maikirogiram 150 ne ga kowane kilo na nauyin jiki. Babu sikeli a kowane ƙauye, sai aka mayar da nauyi tsawo. Daga santimita 90 zuwa 119 ƙwaya ɗaya mai miligiram 3, daga 120 zuwa 140 biyu, daga 141 zuwa 158 uku, wanda ya wuce haka huɗu. Yaron da bai kai 90 ba, da mai ciki, da maijego a makon farko, da wanda ke kwance da ciwo mai tsanani, ba a ba su. Ina ganin wannan sanda ƙirƙira ce da ta kai darajar ƙarin haidirojin ɗin nan biyu, don ba don ita ba da maganin ya tsaya a sito.

Sakamakon ya bayyana. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna alamar gushewar cutar a yankunan Birnin Gwari da Kauru da Lere bayan shekara 15 zuwa 17 ana sha. A 2018 aka daina rabo a jihohin Filato da Nasarawa saboda yaɗuwar ta tsaya. Ranar 30 ga Janairu, 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolambiya, Ekwado, Meziko da Gwatamala.

Birnin Kudu da Gwaram

Galibin Jigawa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ruwanta na tafiya a hankali. Kudancin jihar ya bambanta. Nan dutse ne a ƙarƙashi, shi ya sa muke da irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da, kuma rafuka da Kogin Bunga na saukowa daga tuddan ƙasar Bauchi da Filato. Baƙin ƙuda ba ya zuba ƙwai sai a ruwa mai gudu, inda 'ya'yansa za su manne wa dutse ko ciyawa su sami iska. Don haka in za a nemi matsuguninsa a wannan jiha, ta nan za a fara, musamman da damina lokacin da ruwa ke tsalle a kan duwatsu. Jigawa na cikin jihohin da shirin rabon Mectizan ya shiga, da tallafin ƙungiyar CBM, don makantar kogi da kuma tundurmi.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne yawan rabon. Akwai na amosanin ido, wanda maganinsa azitiromaisin ne. Akwai na tsargiya, wanda ake ba 'yan makaranta. Ga mai karɓa duk "maganin gwamnati" ne. Kuma da yake aibarmektin na fitar da tsutsar ciki, yana kashe ƙazuwa da kwarkwata, mutane da dama don waɗannan suke sonsa, tunda su ne amfanin da ake gani cikin mako guda. Wannan ba aibu ba ne, hasali ma shi ke sa a fito a karɓa. Matsalar tana zuwa ne in an daina ganin makafi da 'yan jagora a gari: mai lafiya ya ce me zai sha wa magani, mai rabo da ba a biyansa ya gaji, 'yan ci-rani sun tafi lokacin rabo, rugar da ta yi ƙaura babu ta a littafi, gidan da namiji ba ya shiga kuma babu mace mai rabo. Kowane ɗaya daga waɗannan gurbi ne da uwar tsutsa za ta ci gaba da haihuwa a cikinsa.

Ɗaya ƙofar da maganin ke shigowa ta cikinta kuma, wadda ta fi faɗi, ita ce ta dabbobi. A kasuwa irin ta Sara za a sami allurar aibarmektin a shagunan maganin dabbobi. Ma'auninta mililita ɗaya ne ga kilo 50, a ƙarƙashin fata. Tana maganin tsutsar ciki, da ƙazuwa, da kwarkwata, tana taɓa kaska. Ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta, ba ta maganin sammore. Ana yin kuskure ta hanya uku: a kintaci nauyi da ido a yi ƙasa da ma'auni, a yi ta maimaitawa ba dalili, ko a yi wa saniyar tatsa a ci gaba da sayar da nono, alhali maganin na fita ta nono. Biyun farko su ke koya wa tsutsa jure magani, kuma tun shekarun 1980 aka ga haka a tumakin Afirka ta Kudu. Sannan galibin maganin ta kashi yake fita da ƙarfinsa, yana kashe tsutsar buzuzu da sauran ƙwarin da ke juya kashin shanu ya zama taki. A ƙasar da manomi ke roƙon makiyayi ya kwana da garke a gonarsa, wannan abin dubawa ne.

Bari in ɗan ratse. Lokacin annobar korona an yi ta yayata cewa aibarmektin magani ne, har wasu suka sha na dabbobi. Omura kansa ya sa hannu a wata maƙala a 2021 da ta nuna kyakkyawan zato ga maganin. A watan Maris na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi amfani da shi don korona sai a cikin gwaji, manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya kuma, har da waɗanda aka yi a Japan, ba su nuna wani amfani na a zo a gani ba. Ban faɗi wannan don rage masa daraja ba. Gwajin da ya tabbatar da maganinsa a Dakar da Kaduna shi ne ya ƙi tabbatar da shi a nan, kuma gwajin ake bi.

Ƙasar da muke takawa

A 2003 tawagar Kitasato ta kammala karanta kundin gadon ƙwayar Kawana, mai harafi kusan miliyan tara, aka ga tana ɗauke da umarnin haɗa sinadarai masu yawa fiye da waɗanda aka taɓa gani ta fitar. Wato ko ƙwayar da aka fi nazari ba a gama da ita ba, balle waɗanda ba a taɓa ɗiba ba.

Matakin farko na aikin Omura bai fi ƙarfin Jami'ar Tarayya ta Dutse ba, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Bayero. Faranti ne, da tukunyar kashe ƙwayoyi, da akwatin ɗumi, da injin girgiza. Ɗalibanmu ma na yin irinsa don kundin digiri. Inda muke yankewa shi ne bayan nan: an rubuta cewa ƙwaya kaza ta hana bakteriya kaza tsiro, an ci jarrabawa, wuta ta ɗauke, firji ya huce, ƙwayar ta mutu, na bayansa ya sake farawa daga tushe. Ƙwayar Kawana kuwa tana da lamba, tana da wurin ajiya, tana da takardar da ta ce wa ke da wane kaso tun kafin a san za ta yi kuɗi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ba ƙasashe madogara a kan rabon amfanin irin waɗannan albarkatu, amma wanda bai adana ƙwayarsa ba ba shi da abin da zai zauna a yi ciniki a kai.

Shawarar da nake kawo wa wannan taro ƙarama ce. A ware firji ɗaya mai aiki da hasken rana a ɗaya daga cikin jami'o'in nan, da littafi ɗaya, da ma'aikaci ɗaya da aikinsa ke nan. Duk ɗalibin da ya ware ƙwaya daga ƙasar wannan yanki ya ajiye kwafinta a can kafin a sa masa hannu a kundi, da lambarta, da ranar ɗiba, da wurin: gindin dutse ne a Habude, ko laɓar bakin Bunga bayan ruwa ya janye, ko suri, ko tsohuwar marina, ko makwancin shanu. Gwajin farko kuma a yi shi a kan abin da ke damun makiyayin da ke kawo akuyarsa kasuwar Sara, wato tsutsar cikin da ta fara jure allura.